Awon Kunne da Goro a Baki

Duk mai zuwa biki a Azare ya sha jin aikin Kashim mai sauti, ko da bai san fuskarsa ba. Sana'arsa irin wadda ba a tunawa da mai ita ce sai ranar da ta ɓaci. In makirfo ya yi ƙara ya tsaga kunnen jama'a, nan take ido ɗari zai juyo yana neman mai laifi. In kuwa komai ya tafi sumul, ai zabiya ce ta iya waƙa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a bayan mikisa, na'urar daidaita sauti, a kan wannan ƙa'ida, bai taɓa ƙorafi ba. Iyayensa daga Barno suka zo da shi yana goye, ya tashi a Azare, ya fara da gyaran rediyo, daga nan kunnensa ya ja shi zuwa wannan aiki.

Ƙungiyar da ya fi daɗewa da ita ita ce ta Hajiya Sa'adiyya, wadda ta gaji waƙa a wurin mahaifiyarta, marigayiya Mas'uda zabiya. Ta gaji muryar, ta gaji waƙoƙin, ta kuma gaji Baba Hammadu mai kalangu. Sauran duk 'yan zamani ne, wato Abdulrashid mai fiyano da 'yan amshi mata uku.

A wurin Kashim ba a yi makaɗi kamar Baba Hammadu ba daga Misau har Gadau, kuma yana faɗin haka ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Dattijo ne dogo siriri, mai hula ɗaya da ta riga ta san kansa. In ya saƙala kalangu a hammata ya matse tsarkiya, gangar ba kiɗa kawai take yi ba, Hausa take yi tsantsa. Zabiya ta kira sunan uwar amarya, kalangu ya maimaita sunan har ya ƙara da na kakanta. Kashim ya taɓa ganin wata tsohuwa ta miƙe daga kujera tana cewa "Na'am", don ta ɗauka mutum ne ya kira ta. Sau da yawa shi kansa yakan manta hannunsa a kan mikisa, ya saki baki yana sauraro kamar ba aiki ya kawo shi ba.

Sai dai shekara arba'in da biyar a jikin ganga, ashirin daga ciki a gaban lasifika, sun ci kunnen tsohon a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Hannu yana nan daram. Abin da ya ragu shi ne jin muryar zabiya a cikin hayaniyar ɗakin taro. A wani biki da aka yi a Yana abin ya fito fili. Hajiya Sa'adiyya ta ɗauko sabon baiti, Baba Hammadu yana can yana rufe tsohon. Ta kira uwar ango, kalangu ya amsa da sunan uwar amarya. Mata suka kwashe da dariya, wata har tana cewa ashe ganga ma tana da ɓangare. Tsohon ya yi murmushi tare da su, domin bai ji abin da ya jawo dariyar ba, kuma wannan murmushin ne ya fi komai sosa zuciyar Kashim.

Washegari Hajiya Sa'adiyya ta aika aka kira shi. Ya same ta idonta ja.

"Ka dai ga abin da ya faru jiya, Kashim."

"Na gani, Hajiya."

"Mutumin nan a cinyarsa nake barci a mota lokacin da Inna ke yawon biki. Ba ni da idon da zan dube shi in ce ya zauna a gida. Amma ni ma ba zan iya ci gaba da shan kunya a gaban mutane ba. Asabar ta sama muna da yinin biki a nan cikin gari, kuma ka san gidan. In aka sake irin ta Yana, Abdulrashid yana da kalangu a cikin fiyanonsa. Maɓalli ɗaya ne."

"Haba Hajiya, wannan na fiyano ai hoton kalangu ne."

"Hoto ba ya kiran sunan da ba a ce ya kira ba," in ji ta. Ta share ido da bakin mayafi.

Kashim ya roƙe ta ta ba shi kwanakin da suka rage, ta ce ta ba shi.

Abin da yake taƙama da shi ba ɓoyayye ba ne. Shekara guda ke nan 'yan ƙungiyar suna aiki da iyafis irin na mawaƙa, wanda ake cusawa can cikin kunne ya toshe hayaniyar waje. Mai sauti yana aiko wa kowa abin da yake bukatar ji ta wata 'yar akwati mai batir da ake maƙalawa a ƙugu. Kowa ya karɓa, ban da Baba Hammadu, wanda ya ce shi ba rediyo ba ne da za a jona masa waya. Wannan karon da Kashim ya je har gida ya faɗa masa gaskiyar abin da ya faru a Yana, tsohon ya sunkuyar da kai ya ce zai zo.

Uwar Baba Hammadu Bafulatana ce daga rugagen Gadau, saboda haka duk Babarbaren duniya bawansa ne na gado, Kashim kuma ba ya barin ta kwana. Da safe tsohon ya iso shagon Kashim da ke bayan kasuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya zubar da tukar goro, ya kurkure baki da ruwan buta, ya gyara hula kamar mai shiga wurin likita.

"Wato da tsufana Babarbare zai sa mini 'yan kunne," in ji shi. "Saura kwalli da lalle."

"Bafulatani ai da ado aka san shi, Baba. Zauna nan."

Ya zauna a miƙe, hannu bisa gwiwa, baki a rufe gam, sai ka ce hoton fasfo za a ɗauke shi. Kashim ya zaɓi 'yar roba matsakaiciya ya sa a bakin iyafis, ya cusa masa dama da hagu, ya kunna wata waƙar Hajiya Sa'adiyya da ya naɗa. Bai kai maɓallin murya ko'ina ba, uku cikin goma ya tsaya. Idon tsohon ya buɗe.

"Subhanallahi! Yarinyar nan a tsakiyar kaina take tsaye."

Kashim ya koma gida ranar yana jin kansa kamar wanda ya ƙirƙiro wutar lantarki. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Washegari da la'asar aka taru gwaji a farfajiyar gidan Hajiya. Baba Hammadu ya yi shirinsa yadda ya saba. Ya ɗumama fatar ganga a rana, ya gwada tsarkiya, ya ɓara goro daushe ya jefa ɓari ɗaya a kunci, ɗayan ya mayar aljihu. Wannan goron kuwa babu ɗan ƙungiyar da ya taɓa samun ko ɗan ɓalli daga cikinsa. Mutumin da zai iya cire rigarsa ya ba ka, a kan goron kiɗa ya fi kowa rowa, har 'yan amshi sun gaji da tsokanarsa sun bari. Aka ɗauki waƙa. Ba a yi minti biyu ba ya fara ɗaga haɓa.

"Ƙara murya, ɗan Barno! Ta gudu!"

Kashim ya murɗa zuwa shida.

"Zuwa take tana komawa. Kaurin duk ya tafi, sai wani siririn abu kamar kukan sauro. Ƙara!"

Ya kai takwas, bai canza zani ba. Tsohon ya sake makara a bakin baiti, Hajiya ta kau da kai, 'yan amshi suka dubi ƙafafunsu.

A nan ne Kashim ya yi kuskuren da har yau in ya tuna yake jin kunya. Shi ne fa mai koya wa mutane cewa waɗannan ƙananan abubuwa ba su da cin wuta, ɗan kaɗan ke ƙosar da su, in ka cika musu sai su yi amai. Amma tsoro ya kore masa abin da ya sani. Ya je ya aro wata na'ura mai ƙarfi irin wadda ake tura manyan abin kunne da ita, ya jona. Tun kafin a fara waƙa wani shuu ya cika kunnen tsohon kamar ana suyar ƙosai, da aka fara kuma ya fizge wayar ya jefar. Har washegari kunnensa na ƙara. Garin neman gira an kusa rasa ido, Kashim ya mayar da na'urar ga mai ita bai ko tsaya gaisawa sosai ba.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk ranar da aka koma shago, komai lafiya lau a kan uku. Aka je gwaji, abin ya watse. Ya canza waya, ya canza batir, ya canza 'yar akwatin ƙugu, ya ba tsohon iyafis ɗin Hajiya da kanta. Sau uku ana haka. Abdulrashid, wanda ba mugu ba ne amma bakinsa ba shi da birki, ya ce masa a gefe, "Oga, tsufa fa ba shi da makanike." Kashim ya ci gaba da naɗe wayarsa. Mako guda ya riga ya wuce.

Ranar Lahadi da hantsi yana zaune a gindin bishiyar maina a tsakar gidansa, iyafis ɗin tsohon a kunnensa, yana jin waƙar nan karo na nawa ma bai sani ba. Matarsa Ya Fanna ta ajiye masa faranti na aya ta koma kan wankinta. Ya ɗebo ya zuba a baki ba tare da ya duba ba. Yana fara tauna, kaurin sautin ya ɓace. Ya tsaya, ya dawo. Ya sake tauna, ya sake tafiya, sai siririn abu kamar kukan sauro. Kashim ya zabura har farantin ya kife.

"Ya Fanna! Zo ki dubi kunnena ina tauna!"

"Na shiga uku," in ji ta, hannunta duk kumfa. "Malam, sautin nan ya fara taɓa ka ne?"

"Ki duba dai. Robar tana motsi?"

Ta leƙa, ta ce tana motsi mana, tana ɗan fitowa kamar kan kunkuru. Sannan ta dube shi da tausayi irin na matar da mijinta ya gano abin da kowa ya sani. "Sa yatsa a kunnenka ka buɗe baki ka ji. Wannan ai tun muna yara muke wasa da shi."

Ya sa yatsa, ya motsa baki, ya ji ramin kunnen yana buɗewa yana tsukewa. Ashe maƙwabcin muƙamuƙi ne, katanga ɗaya ta raba su. Duk tauna ɗaya sai robar ta saki, iska ta samu hanya, kaurin sauti kuma shi ke fara zurarewa, kamar ruwa a tsagaggen tulu. Komai ƙarfin da ka ƙara, ta wannan tsagar zai bi. A shago Baba Hammadu yana zubar da goro a bakin ƙofa don girmamawa. A wurin kiɗa kuwa goro na kunci.

Ranar Litinin Kashim ya isa gwaji da maganinsa a hannu, mai sauƙi kuma kyauta. Ya ja tsohon gefe ya yi masa bayani, ya ce abin da ake bukata kawai shi ne ya haƙura da goro har a tashi. Baba Hammadu ya dube shi wani iri. Ya mayar da goron aljihu.

Wannan karon ya ji komai, babu batun ƙara murya. Amma abin da ya fito daga kalangun ba na Baba Hammadu ba ne. Hannun ya riƙa gudu yana barin 'yan amshi a baya, can kuma ya ja ƙafa har Hajiya ta riƙa jiransa. Gangar da ke Hausa ta koma in'ina. Da waƙar ta ƙare ya sauke kalangun a hankali ya jingine shi da bango, ya fita zaure ya zauna. Kashim ya bi shi.

"Zauna, ɗan Barno, in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba," in ji tsohon. "Ranar da maigidana a Gadau ya fara ba ni ganga, ɓarin goro ya fara sa mini a baki. Ya ce hannu maƙaryaci ne. In ya ji daɗi sai ya yi gudu, in ya gaji sai ya yi nawa. Muƙamuƙi ne ba ya ƙarya. Tauna ɗaya, bugu huɗu. In kiɗa ya yi zafi, tauna ɗaya bugu takwas, amma taunar ba ta canzawa. Shekara arba'in da biyar ban taɓa buga ganga da baki a wofi ba. Kuna cewa rowa, to ba don daɗi nake ci ba. Awona ne."

Kashim ya dubi kuncin tsohon. Shekara goma sha ɗaya yana kallon wannan kuncin yana motsi, bai taɓa lura da cewa tare da kiɗan yake tafiya ba. Ya ji girman tsohon ya ƙara cika masa ido, ya kuma ji kansa ƙarami.

"Ka ga ke nan," in ji Baba Hammadu. "In na ci goro ba na ji, in ban ci ba ba na kiɗa. Ka gaya wa Sa'adiyya ta danna maɓallinta. Wallahi ban riƙe ta ba."

"Ba zan gaya mata ba, Baba. Laifin nawa ne. Tela ba ya auna mutum a tsugune in a tsaye zai sa rigar. Kunnen mutumin da ba ya tauna na auna, shi kuwa ba shi ne zai hau dandamali ba. Ka ba ni zuwa Alhamis."

A ranar ya buga wa wani abokin sana'arsa a Kano waya, ya sa aka ba direba 'yan kan iyafis iri-iri: na roba mai hawa biyu, mai hawa uku, da na soso mai laushi wanda ake matsewa ya kumbura a hankali. Da suka iso ya sayi goro, shi da ko a wurin ɗaurin aure in an ba shi aljihu yake sawa ya kai wa maƙwabta. Yini biyu ya yi yana tauna yana ɓata fuska yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wanda ya saki a tauna ta nawa. Mai hawa uku yana riƙewa amma yana susa. Na roba duk ƙarshensu saki. Soso ne kaɗai yake bin ramin kunne in ya buɗe, ya bi shi in ya tsuke. Ya Fanna ta dubi jan bakinsa ta ce Fulani sun gama da shi, saura a ba shi sanda ya bi shanu.

Ranar Alhamis Baba Hammadu ya tsaya a bakin shago zai zubar da tuka, Kashim ya daka masa tsawa.

"Kul! Da shi za ka shigo. Ɗauki gangarka ma, ka tsaya yadda kake tsayawa."

Aka yi awo yana tauna yana kiɗa, masu wucewa suna leƙe. Nan Kashim ya gano kunnen dama ya fi na hagu faɗi, kuma a dama tsohon ke ajiye goro. Ko tauna ce ta buɗe shi ko haka Allah Ya yi shi, wannan bai sani ba. Ya sa babban soso a dama, matsakaici a hagu. Ya murza kowanne tsakanin yatsu har ya zama siriri, ya ja kunnen sama, ya cusa, ya riƙe da yatsa har ya kumbura ya zauna. Wayar kuma ya zagaya da ita ta bayan kunne ta sauka ta ƙeya, nesa da igiyar kalangu. Ya kunna waƙar a kan uku. Tsohon ya tauna, ya buga, ya tauna, ya buga, har waƙar ta ƙare bai ɗaga haɓa ba.

"Ta zauna," in ji shi. "Amma akwai abin da babu. Ina numfashinta?"

"Numfashi kuma, Baba? Ai cire shi nake yi. Wa ke son jin zabiya tana haki a lasifika?"

"Ni nake so. Kai kana tsammani kalmar nake jira? In na jira kalma ai na makara. A farkon zamanin Mas'uda babu lasifika, kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa. In za ta ɗauko sabon baiti sai ta ja numfashi gajere, in za ta kira suna sai ta ja dogo. A kan numfashin nake shiga. Tun da aka kawo injinanku aka raba ni da shi."

Kashim ya yi alkawarin zai bar masa numfashin a layinsa shi kaɗai, jama'a su ji nasu a tace. Sai dai babu damar gwadawa, domin Hajiya Sa'adiyya ta tafi ta'aziyya Misau, sai safiyar Asabar ta dawo.

Bayan la'asar ɗin Asabar ɗakin taron ya cika ya batse. Mata sun fi ɗari uku, kowacce da labarin da take ba ta kusa da ita, ga janareta na ruri a bayan katanga, ga rufin kwano yana mayar da kowace ƙara gida biyu. Irin wurin da ya kayar da tsohon a Yana ne, har ya fi. Kashim ya sa sababbin batir a 'yar akwatin ƙugu, ya jira sai da Baba Hammadu ya jefa goro a kunci ya fara tauna, sannan ya sa masa soson. Da ya koma bayan mikisa ya hangi yatsan Abdulrashid a kan maɓallin nan. Hajiya ce ta ce ya zauna a shirye, kuma Kashim bai ga laifinta ba.

Waƙar farko ta wuce lafiya, amma wannan ba hujja ba ce, domin tsohon ya san ta kamar yunwar cikinsa. A tsakiyar ta biyu ne abin da Kashim ke tsoro ya zo. Uwar ango ta shigo da tawagarta ba zato, mata suka ɗauki guɗa, ɗakin ya rikice. Zabiya ba ta barin irin wannan shigowa ta wuce. Hajiya Sa'adiyya ta yanke baitin da take kai a tsakiya, ta cika ƙirji. Kashim ya ga ƙaramar fitilar layinta ta motsa kafin wata kalma ta fito.

Kalangu ya riga ta da rabin taku. Ya buɗe mata hanya, ta kira sunan, ya maimaita shi daidai, ya ƙara da na mahaifin matar da garin da aka haife ta. Uwar ango ta tsaya cak a tsakiyar fili ta ɗaga hannu biyu. Hajiya ta waiwaya ta dubi tsohon. Sai ta gwada shi, don ita ma jinin Mas'uda ce. Ta yi tsalle zuwa wani baiti ba sanarwa, ta same shi a can yana jiranta. Ta rage murya kamar mai raɗa, ganga ta yi raɗa. Ta ɗauko wata tsohuwar waƙar uwarta da ba su taɓa gwadawa tare ba, kunci na motsi, hannu na bi, ko gargada babu.

Daga nan ta ɗaga wa Abdulrashid hannu. Ba maɓallin kaɗai ba, fiyanon gaba ɗaya ta ce ya bari. Ya ɗauke hannuwansa ya naɗe su a ƙirji, yana murmushi yana girgiza kai. Aka bar murya da kalangu su biyu, kamar yadda ake yi kafin a haifi rabin mutanen ɗakin. Hayaniyar ta mutu da kanta. Kashim ya dubi maɓallin tsohon, yana nan a kan uku. Bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba, sai da ya ga ɗigo a kan mikisa ya yi sauri ya goge da hannun riga.

Da aka tashi, jama'a suka yi wa Hajiya da makaɗinta caa, kamar yadda aka saba. Kashim yana can gefe yana naɗe waya, shi ma kamar yadda aka saba. Sai ya ga inuwa a kansa. Baba Hammadu ne, kalangu a kafaɗa, soson har yanzu a kunnensa, don haka da ƙarfi ya yi magana.

"Ɗan Barno, na ji Mas'uda."

Kashim ya miƙe ya zare masa su a hankali.

"Shekara tara da rasuwarta," in ji tsohon, yanzu murya ƙasa ƙasa. "Na ɗauka da ita aka binne wannan numfashin. Ashe yana bakin 'yarta duk shekarun nan, ni ne ba na ji."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗaya ɓarin goron, wanda Kashim bai taɓa ganin ya ba kowa ba. Ya miƙa.

"Baba, wannan ai na kiɗa ne."

"Na sani. Maigidana ya ce ba a raba shi sai da wanda kuka yi kiɗan tare. Shi na ba, na ba Mas'uda, ban ƙara ba kowa ba."

"Ni ai ba makaɗi ba ne."

"To yau mu nawa muka buga gangar nan? Karɓi, kada in tuna Babarbare ne kai in fasa."

Kashim ya sa hannu biyu ya karɓa. Goron yana nan da ɗacinsa, amma bai sa shi a aljihu don maƙwabta ba. A nan tsaye ya cinye shi tas, tsohon yana kallonsa yana ƙirga masa tauna.